Kafin A Yi Guɗa Don Tikitin Jirgi Ya Yi Araha

Duk lokacin da wani kamfanin jiragen sama ya shigo wata hanya ya karya farashi, sai murna ta cika zaure. Matasa su ɗauki hoton tallar su watsa, 'yan kasuwa su ce Allah Ya kawo sauƙi, masu sharhi a rediyo su ce ga amfanin gasa nan, a bar kasuwa ta yi halinta. Mu da hidimar jama'ar zango ta ɗora mana tattara kuɗin tafiya, na mara lafiyar da za a kai asibiti, da ɗalibin da zai koma makaranta, da wakilan da za a tura ta'aziyya Kano ko Sakkwato ko Damagaram, babu wanda ya kai mu son tikiti ya sauko. Amma mun sha ganin wannan biki, mun kuma ga yadda yake watsewa. Shi ya sa muke cewa a dakata da guɗa tukuna. Gasa daban, yaƙin farashi daban, kuma akwai masu cin moriyar a riƙa cakuɗa mana su.

Gasa ita ce kowane kamfani ya rage ɓarna, ya kiyaye lokaci, ya wadatu da riba kaɗan domin ya ja fasinja. Farashi zai sauko, amma yana ɗauke da kuɗin mai da albashi da gyara. Yaƙin farashi kuwa shi ne mai ƙarfi ya sayar da kujera ƙasa da abin da ta ci masa, yana sane da cewa asara yake yi, saboda ya san aljihunsa ya fi na abokin hamayyarsa zurfi. Zai iya jure asarar wata shida ko shekara, ɗayan ba zai iya ba. Ranar da ƙaramin ya durƙushe, babban zai fanshe asararsa har da ƙari, kuma daga aljihun fasinjan da ya tafa masa jiya zai fanshe ta. Wannan araha bashi ce da aka ɗora mana ba tare da mun sa hannu ba.

Harkar jirgi ta fi sauran sana'o'i saurin faɗawa cikin wannan rami, kuma dalilin a fili yake. Kujerar jirgi kayan gwari ce, ta ma fi tumatir saurin lalacewa. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi, kujerar da babu kowa a kanta ta tafi ke nan, ba a ajiye ta gobe. Don haka kullum mai jirgi yana cikin jarrabawar ya sayar da ita a ko nawa. Ga shi kuma hayar jirgin da dala ake biya, haka inshora, haka kayan gyara, haka horar da matuƙa, kuma babban gyara sau da yawa sai an kai jirgin wata nahiya. Kuɗin da ke shigowa kuwa sidi ne ko naira. Idan kuɗin gida ya faɗi, kamfanin da ya riga ya zaftare farashinsa don yaƙi ba shi da inda zai ja numfashi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, a nan Gana aka yi shi a kan idonmu. Tsakanin 2011 da 2013 kamfanoni har biyar suka yi ta zirga-zirga tsakanin Ankara da Kumasi da Tamale da Takoradi: Antrak da CityLink da suka riga, sai Starbow da Fly540 da suka shigo a 2011, sai Africa World Airlines a 2012. Farashi ya faɗi warwas. Mutanen da ba su taɓa tunanin shiga jirgi ba suka shiga; tafiyar Tamale da kan cinye yini guda a mota ta koma ta kimanin sa'a ɗaya. Yawan fasinjojin cikin gida ya tashi daga kimanin dubu 200 a 2011 zuwa fiye da dubu 700 a 2013. Wa zai ce wannan ba alheri ba ne? To, sai me ya biyo baya? CityLink ta fara bacewa. Fly540 ta tsaya a 2014, Antrak a 2015. Starbow ta dakata a ƙarshen 2017 bayan jirginta ya kauce daga titin tashi a Ankara, ba ta kuma dawo ba. Daga biyar aka koma ɗaya, har sai da PassionAir ta shigo a 2018 aka zama biyu. Fasinjoji kuma suka ragu zuwa ƙasa da rabin miliyan a 2016.

Masu kare wannan tsari za su ce ba karya farashi kaɗai ya kashe su ba, faɗuwar sidi a 2014 ta taimaka, haka harajin kashi 17.5 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa tikitin cikin gida kafin a soke shi a 2017. Gaskiya ne, mun yarda. Amma wannan hujjarmu ce, ba tasu ba. Kamfanin da ke sayar da kujera a farashin da ya ɗauki nauyinta zai iya jure shekara guda ta wahala. Wanda ya ƙarar da kitsensa a fagen yaƙi, guguwar farko ce za ta kayar da shi. Kuma waɗanda suka saba da jirgi a shekarun araha, da farashi ya koma sama sai suka koma tashar mota, suna kallon filin jirgi daga nesa kamar yadda suke a da.

Haka aka sake yi a Nijeriya, a hanya mafi maiƙo. Ranar 30 ga Maris 2024 Air Peace ta fara zuwa Landan daga Legas, ta sa kuɗin zuwa da dawowa a ƙaramin aji naira miliyan 1.2, a lokacin da kamfanonin waje ke karɓar ninkin haka ko fiye. Cikin 'yan makonni sai ga waɗannan kamfanoni sun sauko, wasu har ƙasa da farashin sabon shigowa. Shugaban kamfanin, Allen Onyema, ya fito fili ya yi ƙorafin cewa ana so ne a kore shi daga hanyar. Wasu suka amsa masa da cewa darajar naira ce ta ɗan farfaɗo a lokacin, kuma an fara sakin kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya, shi ya sa suka buɗe tikitoci masu sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Sai dai tambayar da ba a amsa ba ita ce: me ya sa sauƙin bai zo da wannan gaggawa ba sai da ɗan gida ya sa ƙafa? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma wanda ya tuna cewa Arik da Med-View duk sun taɓa zuwa Landan sun bari, ba zai ɗauki ƙorafin a matsayin raki ba.

Turawa ma sun san wannan wasa, don a gidansu aka fara shi. Freddie Laker ya buɗe jirgin araha tsakanin Landan da New York a 1977, manyan kamfanoni suka sauko da farashinsu suka same shi, ya rushe a 1982. Aka kai su ƙara a Amurka bisa zargin haɗa baki, suka biya kuɗi aka sasanta a 1985 ba tare da an kai ga hukunci ba. Laker dai bai dawo da wancan kamfani ba.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda wasu ke ɗauka cewa wannan muhawara sabuwa ce, sai mai digiri a ilimin tattalin arziki zai tsoma baki. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin ciniki ya san malamanmu sun tattauna ta tun da daɗewa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya tarar da Haɗibu ɗan Abu Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwar Madina ƙasa da farashin jama'a, ya umarce shi da ya daidaita farashinsa ko ya ɗauke kayansa daga kasuwar. Imamu Shafi'i kuma ya ruwaito cewa daga baya Umar ya koma wurinsa ya sassauta, ya nuna masa cewa ba hukunci ne na dole ba, maslahar mutanen gari ce ya duba. A gefe guda ga hadisin da aka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a lokacin tsada, ya ƙi. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar ikon hukuma a nan, kuma ba mu zo yanke wannan saɓani ba. Abin lura dai shi ne babu wanda ya ce araha a kan kanta hujja ce. Sun duba niyyar mai sayarwa, sun duba abin da zai sami kasuwa gobe. Mu kuma yau an ce mana mu dubi lambar da ke jikin talla kawai.

Kada wani ya ɗauka muna kira ne a koma zamanin kamfani ɗaya tilo na gwamnati. Mun ga wancan ma, jiki magayi. Air Afrique, wadda ƙasashe goma sha ɗaya suka kafa a Yawunde a 1961, har da Nijar da Chadi da Kamaru, ta haɗa biranen yankin nan fiye da yadda kowa ya haɗa su bayanta, wannan ba a musunsa. Amma ma'aikata sun yi mata yawa, kowace ƙasa tana son nata kaso na muƙamai, gwamnatoci suna hawa ba sa biya, bashi ya danne ta, ta mutu a 2002. Nigeria Airways ta bi ta a 2003, Ghana Airways ta daina tashi a 2004, Cameroon Airlines a 2008. Babu ɗaya a cikinsu da yaƙin farashi ya kashe. Sakaci da wawura da rashin mai tsawatawa ne. Saboda haka duk lokacin da muka ji wani minista ya sake alkawarin farfaɗo da kamfanin ƙasa, mukan tambaya: da kuɗin wa, kuma wa zai hana a maimaita? Kamfani ɗaya da ba shi da abokin hamayya yakan wulaƙanta fasinja, ko na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa. Matsalarmu da yaƙin farashi ma ai ita ce nan yake ƙarewa.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda suka fi kowa jin daɗin wannan hayaniya, wato gwamnatocinmu. Muddin jama'a na zagin kamfanoni a kan tsada, ko suna yaba musu a kan araha, babu mai buɗe tikiti ya karanta abin da ke ciki. Ku ɗauki tikitin Ankara zuwa Lome, ko Yamai zuwa Wagadugu, ku dubi layukan da ke ƙasa da ainihin kuɗin kujera: kuɗin hidimar fasinja, kuɗin tsaro, kuɗin gina filin jirgi, harajin tikiti, da wasu da ba a ma san sunansu ba. A Nijeriya hukumar kula da jiragen sama tana karɓar kashi 5 cikin ɗari na kowane tikiti, ban da na hukumar filayen jirgi. Waɗannan kuɗaɗe ba sa sauka idan an yi gasa. Tafiyar minti arba'in da tafiyar sa'a huɗu kusan abu ɗaya ake caje su, don haka gajeriyar hanya, irin wadda ke haɗa mu da 'yan'uwanmu, ita ta fi shan nauyi. Kamfani yana yanka naman jikinsa don ya rage farashi, hukuma kuwa ko sisi ba ta rage ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shugabannin ECOWAS da kansu sun amsa wannan laifi. A taronsu na Abuja a Disamba 2024 suka yanke cewa daga 1 ga Janairu 2026 za a soke harajin da bai shafi sufurin sama ba, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari. Madalla. Sai dai mun tsufa da jin irin waɗannan shawarwari. A 1988 aka yi sanarwar Yamusukuro. A 1999 aka mai da ita ƙuduri, cewa jirgin wata ƙasar Afirka zai iya ɗaukar fasinja tsakanin wasu ƙasashe biyu na Afirka ba tare da shinge ba. A Janairu 2018 aka sake ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Shekara talatin da ɗoriya ana sa hannu, amma har yau kamfani kan nemi izinin sauka a maƙwabciyar ƙasa a yi ta ja masa rai saboda ana kare wani kamfanin gida, wani lokaci ma kamfanin da bai wuce suna a takarda ba. Ƙudurin Abuja ba zai zama gaskiya a wurinmu ba sai mun gan shi a jikin tikiti. Ga kuma wani ƙulli: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairu 2025. To Bahaushen Maraɗi da na Tawa da na Damagaram, wane sauƙi zai same su? Waɗanda suka ga yadda aka tsayar da jirage tsakanin Nijar da maƙwabtanta bayan juyin mulkin Yuli 2023 sun san cewa alƙalamin ɗan siyasa ya fi kowace gasa tasiri a kan tafiyar talaka.

Akwai kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wanda masu guɗar ba sa ambata. A ina ake yin wannan gasa? Legas zuwa Landan. Legas zuwa Ankara. Abijan zuwa Dakar. Hanyoyin manyan birane na bakin teku, inda ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin duniya ke kai da komo. Ku buɗe taswira ku nemi hanyoyinmu. Kakanninmu sun haɗa Kano da Gwanja da ƙafa da jaki, madugu a gaba, ayari a baya, suna kai kanwa da tufafi suna komawa da goro, suna biyan fito a kowane kogi, kuma duk da haka hanya ce miƙaƙƙiya. Yau jikansu da ke Kumasi, idan zai je Kano ta sama, sai ya sauka Ankara, ya sauka Legas ko Abuja, sannan ya kama jirgi na uku, wani lokaci da kwana a hanya. Mai zuwa Yamai sau da yawa sai ya bi ta Lome ko Abijan, ya yi kudu kafin ya yi arewa. Tsakanin Kano da Njamena, ko Garwa, ko Damagaram, ko dai babu jirgi, ko a buɗe hanya bana a rufe baɗi. Kano ce fa garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a 1925. An ƙawata filin jirgin Kumasi an ba shi sunan na ƙasa da ƙasa a 2024, na Tamale ma haka, har alhazai na tashi daga can tun 2016, amma ginin filin jirgi ba shi ne hanya ba.

Kuma yaƙin farashi yana ƙara nisanta mu da samun waɗannan hanyoyi. Sabuwar hanya irin Kumasi zuwa Kano ba ta cika jirgi a watan farko. Tana bukatar kamfani mai ɗan rarar da zai yi haƙuri da ita shekara guda ko biyu har mutane su saba. Kamfanin da ake tatsa a hanyarsa mai riba ba shi da wannan rara. Abin da zai fara yi shi ne ya janye jirginsa daga ƙananan garuruwa ya kai shi fagen daga. Ashe arahar da mai zuwa Landan ya samu, mutumin Tamale da na Marwa ne suka biya wani kaso nata. A nan ya kamata a yaba wa tsarin ASKY, wadda ta fara aiki daga Lome a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines: ta tara fasinjoji ƙalilan daga garuruwa da yawa a cibiya ɗaya, ta rayu a inda wasu suka mutu. Amma tikitinta ba mai araha ba ne, kuma a hanyoyi da dama fasinja ba shi da zaɓi mai yawa bayanta.

Ba mu ma taɓo ranar mutuwar kamfani ba. A ranar, mai tikiti a hannu shi ne na ƙarshe a layin masu bin bashi, bayan banki da mai hayar jirgi da mai sayar da mai. Mun ga iyalan da suka haɗa kuɗi da ƙyar, taro da sisi, suka sayi tikiti wata biyu kafin tafiya don su sami sauƙi, suka wayi gari ofishin a kulle. Ɗan zangon da ke sana'ar yankan tikiti shi ake kamawa, a kawo shi gaban mai gari, alhali kuɗin ya daɗe da barin hannunsa. Irin wannan shari'a ba ta da daɗin saurare, domin duka ɓangarorin biyu an zalunce su, wanda ya yi zaluncin kuma ba ya zauren. Akwai kuma tambayar da ba ma son yi da ƙarfi: kamfanin da ke asara kowace rana, a ina yake rage kashe kuɗi? Muna fata ba a wajen gyara ba. Amma fata ba ta isa ta zama tsari ba, a abin da ke ɗauke da rayuka a sararin sama.

Abin da muke nema ba ya bukatar sabon taro a otal. Hukumomin da za su yi aikin suna nan: ECOWAS tana da hukumar kula da gasa a Banjul, Tarayyar Afirka ta ɗora wa hukumar sufurin sama da ke Dakar alhakin aiwatar da ƙudurin Yamusukuro, Nijeriya tana da hukumar gasa da kare masu saye. Idan farashi ya faɗi rabi cikin mako biyu da shigowar sabon kamfani, a kira masu shi su buɗe littafi su nuna cewa kujerar ta ɗauki nauyinta. Wanda ya ƙara jirage a wata hanya don ya shaƙe ƙarami, a ɗaure shi da sharaɗin ba zai janye su ko ya ninka farashi washegarin da ƙaramin ya fita ba. A tilasta kowane kamfani ya ajiye kuɗin jingina da za a biya masu tikiti idan ya rufe. A rubuta kowane haraji da sunansa da sunan mai karɓarsa a fuskar tikiti, da harshen da fasinja zai gane. A kuma yafe kuɗin sauka da tashi na 'yan shekaru ga duk wanda ya yarda ya haɗa garuruwan cikin ƙasa kai tsaye, Kumasi da Kano, Tamale da Yamai, Garwa da Maiduguri.

Sarakunanmu na zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwar goro da shanu da albasa suna da bakin da ake ji, musamman idan zaɓe ya ƙarato. 'Yan takara za su zo gaisuwa kamar yadda suka saba, da buhunan shinkafa da alkawarin kujerun Hajji. A wannan karon a ajiye musu tikitin Ankara zuwa Yamai a kan tabarma, a ce su karanta layukan ƙasa da babbar murya, su faɗa wa jama'a wanne ne a ciki za su soke, kuma a wane wata.